Karen da Ba Shi da Ubangida

A birnin Landan na ƙasar Ingila, a wata unguwa da ake kira Battersea, akwai wani babban gida wanda mazaunansa karnuka ne da kyanwoyi, waɗanda suka ɓata ko kuwa masu su suka yar. Ana karɓarsu, a yi musu wanka, a cire musu kaska, likitan dabbobi ya duba su ya yi musu allura, sa'an nan a ajiye su har wani ya zo ya ce yana so ya ɗauki ɗaya ya riƙe a gidansa. Shi ma wanda ya zo ɗauka, ba haka nan kawai za a miƙa masa igiya ba. Sai an tambaye shi irin gidan da yake zaune, da ko akwai yara ƙanana, da wanda zai duba dabbar in ya tafi wurin aiki. In ba a gamsu da amsarsa ba, sai a hana shi. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a Turai da Amurka, akwai kuma ƙungiyoyi masu jan kunnen jama'a kullum, suna cewa kada a sayi kwikwiyo a hannun masu kiwonsu don ciniki, gara a je gidan yasassun dabbobi a ɗauko wanda ba shi da kowa.

Bahaushen da ya ji wannan labari, ko dai ya yi dariya ko ransa ya ɓaci. Mai dariya zai ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Wanda ransa ya ɓaci kuwa zai tuna da yaran da aka yi ta kwantarwa a Maraɗi da Damagaram a shekarar 2005, bayan fari da fara sun lalata amfanin gona, ya ce, “Ashe kare yana da likita da shimfiɗa, ɗan Adam ya rasa kunu?” Wannan fushi ba abin rainawa ba ne, gama akwai lissafi a bayansa. A shekarar 2023 mutanen Amurka sun kashe fiye da dalar Amurka biliyan 140 a kan dabbobin da suke riƙo a gida, alhali dukan abin da ƙasar Nijar ta samar a wannan shekara, da na gona da na kiwo da na ma'adinai da na ciniki, bai kai biliyan 20 ba. Duk wanda yake so ya yi magana a kan tausayin dabbobi a gaban talakawan Sahel, tilas ya fara haɗiye wannan lissafi, in ba haka ba maganarsa za ta zama ba'a.

Amma tambayar tana nan ba ta kau ba. Shin dabba tana da wani haƙƙi a wuyan mutum, wanda Allah zai tambaya? In kuwa tana da shi, ina iyakarsa, tun da yake akwai mayunwata a duniya?

Wannan ƙorafi ba a Afirka aka fara yinsa ba. Sa'ad da wata mace mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan nan a shekarar 1860, a wani tsohon barga a unguwar Holloway, babbar jaridar Landan, wato The Times, ta yi mata ba'a ƙwarai, a kan ana tanadar wa karnuka masauki alhali mutane suna kwana a titi. Landan ta wancan zamani kuwa cike take da matalauta da marayu. Matar ba mai dukiya ba ce, ta kuma rasu a 1865 ba ta ga girman abin da ta shuka ba. An mai da gidan Battersea a 1871, aka fara karɓar kyanwoyi a 1883, yana nan yana aiki har wa yau.

Abin da ya kamata a duba shi ne ko su wane ne suka tada wannan magana tun farko, da abin da suka yi wa mutane 'yan'uwansu. A 1822 majalisar Ingila ta yi dokar hana zaluntar dawaki da jakuna da alfadarai da shanu da tumaki, bisa ga naciyar wani ɗan majalisa daga Ailan mai suna Richard Martin. Bayan shekara biyu, a watan Yuni na 1824, wani limamin ikkilisiyar Angalikan, Arthur Broome, ya tara mutane a wani gidan shan gahawa a Landan, suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda Sarauniya Biktoriya ta sa wa albarka a 1840, aka san ta da RSPCA. Broome ya bar aikin ikkilisiyarsa ya zuba abin hannunsa a cikin ƙungiyar, har aka kulle shi a kurkuku a 1826 saboda bashin da ya hau kanta. A cikin waɗanda suka zauna a taron nan akwai William Wilberforce, mutumin da ya yi shekara ashirin yana fama har aka hana cinikin bayi a 1807. Wanda ya shugabanci taron kuwa Thomas Fowell Buxton ne, magajin Wilberforce a yaƙi da bauta. Shi wannan Buxton shi ne ya tsaya har aka aiko da jiragen ruwa kogin Kwara a 1841, a cikinsu akwai Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya juya wasu littattafai na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Ashe mai karanta Bishara da Hausa yana da wata 'yar dangantaka ta nesa da taron nan na gidan gahawa, ko da bai sani ba.

A Amurka ma haka abin ya kasance. Henry Bergh ya kafa irin wannan ƙungiya a New York a 1866, musamman saboda dawakin da suke jan kekunan birni ana dukansu har su faɗi. A ƙarshen 1873 wata ma'aikaciyar mishan ta ikkilisiyar Metodis, Etta Wheeler, ta sami wata yarinya mai suna Mary Ellen wadda mariƙiyarta take kullewa tana duka. Ta yi ta yawo ta rasa wanda zai sa baki, gama a lokacin mutane suna ganin abin da ya faru a cikin gida ba ruwan kowa. Sai ta je wurin Bergh, mutumin dawaki da karnuka. Shi da lauyan ƙungiyarsa suka kai maganar gaban alƙali, aka karɓe yarinyar, daga nan kuma aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta farko. Yarinyar ta rayu har ta kai shekara 92. Tun kafin waɗannan duka, a birnin Lima na ƙasar Peru, Waliyyi Martin de Porres, ɗan wata baƙar mace da aka 'yanta daga bauta, wanda ya rasu a 1639, yana jinyar marasa lafiya da ciyad da matalauta, yana kuma tattara karnuka da kyanwoyin titi yana ajiyewa a gidan 'yar'uwarsa.

Wannan duka bai isa ya zama hujja cewa kowane mai son kare mai son mutane ne ba. An ga azzalumai masu shafa kan karensu da safe su sa a kashe mutane da yamma. Abin da tarihin ya nuna kaɗai shi ne, tausayi ba kamar hatsi a rumbu yake ba, wanda in an ɗebi na dabba sai na mutum ya ragu. Kuɗi kam suna raguwa, za a zo ga wannan. Amma idon da ya koyi ganin gyambon da yake bayan jaki, sau da yawa shi ne yakan lura da tabon bulala a bayan yaro.

Ga Kirista, ba tarihin Turawa ne zai yanke maganar ba, sai Maganar Allah. A nan kuwa abin mamaki ne yadda Attaura ta sauko har zuwa turke. Hutun Asabar da aka umarta a Fitowa 23 da Maimaitawar Shari'a 5 ya haɗa da sa da jaki, an ambace su tare da bawa da baƙo. A Maimaitawar Shari'a 25 an hana sa wa sa takunkumi yana cikin sussuka, wato dabbar da take taka hatsi tana da rabo a cikinsa. A sura 22 ta littafin an hana haɗa sa da jaki a garma ɗaya, kowane manomi kuwa ya san wanda zai sha wuya a cikin biyun. Dokar da ta fi kowace nauyi tana Fitowa 23, inda aka ce wa Ba'isra'ile in ya tarar da jakin maƙiyinsa ya durƙushe da kaya, kada ya wuce. A dubi wannan da kyau. Mai jakin maƙiyi ne, zuciya tana so ta ce Allah ya ƙara. Shari'a ta hana, domin jakin ba shi da laifi a cikin gabar, yana kuma shan azaba yanzu. Bayan ruwan tsufana, alkawarin da Allah ya yi a Farawa 9 ya ɗaura shi da Nuhu da zuriyarsa da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. A Littafin Ƙidaya 22 jakar Bal'amu ta ga mala'ika sau uku, annabin da yake kanta bai gani ba, ya yi ta dukanta, da mala'ikan ya bayyana kuwa, abin da ya fara tuhumarsa a kai shi ne dukan nan. Littafin Yunusa ya ƙare da Allah yana lissafa dalilan da suka sa ya ji tausayin Nineba, ya ambaci mutane fiye da dubu 120, ya ƙara da dabbobinsu masu yawa. Karin Magana 12:10 kuma ya sa kula da ran dabba a cikin alamun adali.

Akwai wuri ɗaya da ya shafi riƙon dabba a gida kai tsaye. Sa'ad da annabi Natan ya zo ya tsauta wa Dawuda a 2 Sama'ila 12, labarin da ya kawo na wani matalauci ne mai 'yar tunkiya guda, wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa, tana kwana a jikinsa. Natan bai yi wa matalaucin ba'a ba, Dawuda ma da ya ji an yanka ta, bai ce ai tunkiya ce kawai ba, ya husata ƙwarai. Da a ce shaƙuwa da dabba wauta ce a idon Isra'ila, da misalin bai kama sarki ba.

Duk da haka Littafi Mai Tsarki bai daidaita mutum da dabba ba, ko sau ɗaya. Mutum kaɗai aka yi cikin kamannin Allah. An ba Nuhu izinin cin nama a surar nan da aka yi alkawari da dabbobi. Ubangiji Yesu ya koyar a Matiyu 10 cewa ko gwara ba ta faɗuwa ba da sanin Uba ba, ya kuma ɗora nan take cewa almajiransa sun fi gwara masu yawa daraja. A Matiyu 12 ya yarda a ciro tunkiya daga rami ran Asabar, domin ya nuna warkar da mutum ya fi cancanta. Wannan irin magana, ta cewa wannan ya fi wancan, ba ta da ma'ana sai in shi wancan ɗin ma yana da tasa daraja. Ba wanda yake ta'azantar da ɗansa da cewa ya fi tsakuwa.

Masanan falsafa sun daɗe suna juya wannan magana, sun kuma rabu kashi uku. René Descartes, Bafaranshe na ƙarni na 17, ya ɗauki dabba kamar agogo, na'ura mai motsi da ƙara wadda ba tunani a cikinta. Ba makiyayin da zai yarda da wannan. Wanda ya taɓa jin kukan saniya a daren da aka raba ta da maraƙinta ya fi Descartes sanin gaskiyar al'amarin. Kashi na biyu shi ne na Waliyyi Toma Akwinas, da Immanuel Kant bayansa. Su sun hana zaluntar dabba, amma dalilinsu shi ne mai yin haka yana taurare zuciyarsa, gobe zai juya kan mutane. Wannan gaskiya ne, iyaye kuwa su lura da shi. Yaron da ya saba ɗaure wa ƙadangare igiya yana ja, ko jifan karya mai ciki ana dariya, yana koyon wani darasi wanda matarsa za ta biya kuɗinsa nan gaba. Sai dai dalilin bai cika ba. Bisa ga wannan ra'ayi, in mutum ya doki jaki a daji ba mai gani, halinsa ga mutane kuma bai sāke ba, to bai cuci kowa ba ke nan. Amma jakin fa? Mala'ikan da ya tare Bal'amu bai tuhume shi a kan abin da zai yi wa mutane gobe ba, ya tuhume shi a kan jakar. Kashi na uku ya faro daga Jeremy Bentham, Baturen Ingila, wanda ya rubuta a 1789 cewa abin dubawa shi ne ko halitta tana jin zafi, ko da ba ta magana, ba ta kuma lissafi. A nan ya fi na biyu kusa da Attaura. Amma wasu magadansa, kamar Peter Singer a 1975, sun ja maganar har suka mai da fifita mutum don shi mutum ne wani irin son kai mai kama da wariyar launin fata. Kirista ba zai bi su can ba. In gobara ta kama ɗaki, da jariri da kare a ciki, ba a tsayawa auna wanda ya fi jin zafi.

Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya bi tsakanin waɗannan a sakin layi na 2415 zuwa 2418. Koyarwarsa a taƙaice ita ce, dabbobi halittun Allah ne, mutum yana da alhakin kyautata musu, ya halatta ya ci namansu ya mori aikinsu, amma sa su wahala ko mutuwa a banza ya saɓa wa mutuncin shi mutumin kansa. Ya kuma gargaɗi masu kashe wa dabbobi kuɗin da ya kamata a fara kai wa mutane masu wahala, da masu ba dabba irin ƙaunar da ta dace da mutum kaɗai. Saboda haka fushin Bahaushen nan yana da mazauni a cikin koyarwar Ikkilisiya. Inda ake saya wa kare tufafin ado da yi masa bikin ranar haihuwa, inda ake kiransa ɗa alhali tsohuwar da ta haifi mai gidan tana can ba mai leƙa ta, an karkatar da ƙauna daga hanyarta. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Maganar tana da kaushi, amma ta riƙe wani abu da wasu masu arziki suka saki, wato dabba dabba ce ko an shaƙu da ita. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne, halaccin yanka bai halatta a rataye kazar kai ƙasa a bayan babur cikin rana tun daga ƙauye har kasuwa ba.

To, ɗaukar kare daga gidan yasassu, a wane gefe ya faɗi? In an duba da kyau, shi ne mafi sauƙin karewa a cikin dukan al'adun Turawa game da dabbobin gida. Kare ba naman daji ba ne. Mutum ne ya jawo shi gida tun shekaru dubbai, ya mai da shi mai gadi da abokin farauta, har ya zama ba ya iya rayuwa nesa da mutane. Karen da yake yawo a juji, ƙazwa ta cinye shi, wani ne ya kawo uwarsa, wani ne ya zubar da 'ya'yanta. Ai an ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wanda ya ɗauki yasasshen kare yana biyan bashin da wani ya ci ya gudu. Wanda ya sayi na ado kuwa yana ƙarfafa masu sa karya ta yi ta haihuwa a cikin keji don kuɗi, alhali ga waɗansu suna jiran mutuwa. Abin dariya a nan shi ne, siririn karen farautar Buzaye na Azawak, wanda aka fara kaiwa Turai wajen shekarun 1970, yanzu ana sayensa da tsada a can, yana da takardar asali, 'yan'uwansa kuwa suna nan suna bin raƙuma ba wanda ya tambayi kakansu.

Su ma gidajen yasassun suna da nasu nauyi a zuciya. Kafin a kafa su, hanyar hukuma ita ce kisa kawai. A New York, a shekarun 1870, akan zuba karnukan da aka kama a cikin babban keji na ƙarfe a nutsar a kogi. Caroline Earle White da matan da suke tare da ita sun buɗe gidan yasassu na farko na Amurka a Filadelfiya a 1869 domin a daina irin wannan. Amma gida yana da iyaka, haihuwa kuwa ba ta da ita. A shekarun 1970 ana ƙiyasta cewa karnuka da kyanwoyi fiye da miliyan 12 ake kashewa kowace shekara a irin gidajen nan na Amurka. A 'yan shekarun nan wajen miliyan 6 suke shiga a shekara, ana ɗaukar wajen miliyan 4, waɗanda ake kashewa kuwa sun ragu ƙwarai, ko da yake har yanzu sun haura rabin miliyan. Babban abin da ya kawo raguwar shi ne fiɗiye maza da yi wa mata aikin hana haihuwa kafin a ba da su. Wasu suna cewa kada a kashe ko ɗaya. Niyyar tana da kyau, amma gidan da ya rantse ba zai kashe ba yakan cika, ya rufe ƙofa, dabbar da aka mayar kuwa ta mutu a titi da yunwa ko a ƙarƙashin mota. Kare mai ciwon da ba ya warkewa, ko mai cizon yara, kashe shi da sauri ba tare da azaba ba bai saɓa wa koyarwar Kirista ba. Mai yin wannan aiki da hawaye ya fi wanda ya yar da dabbar tun farko, ya tafi yana ganin hannunsa tsabta ne.

Ba wanda zai ce wa ikkilisiyar ƙauye a Dogon Dutsi ko Tsibiri ta gina wa karnuka gida alhali rufin ɗakin sujada yana yoyo, gwauraye kuma suna jiran mudun gero. Wannan tsari na ƙasashen da suka haife shi ne. Amma haƙƙin da ya haifi tsarin yana nan a kowane turke, a nan kuwa jaki ne yake ɗauke da mafi yawansa. Shi yake jan ruwa a rijiya mai gaba talatin, shi yake jan amalanken itace da bulo, shi yake kai mai naƙuda asibiti. Ladansa sau da yawa sanda ce a kan tsohon miki. Akumari mai laushi, da rage kaya, da ruwa da inuwa da tsakar rana, da barin jaka mai tsohon ciki ta huta, ba sa cin ko dala. Ƙungiyar SPANA, wadda Kate Hosali da 'yarta Nina suka kafa a 1923 bayan sun ga wahalar dabbobin dako a Arewacin Afirka, irin wannan aiki take yi, har da Mali. A nan ba a iya raba amfanin dabba da na talaka, gama jakin da ya mutu da wuri, kayansa kan mace da yarinya yake komawa. An ga haka sa'ad da fataken fata suka dira a kasuwannin Sahel, saboda a ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a yi wani magani da ake kira ejiao. A 2015 an fitar da jakuna wajen dubu 27 daga Nijar, a 2016 tun shekara ba ta ƙare ba sun kai dubu 80, kuɗin jaki ya ninka har talaka ya kasa saye, sai gwamnati ta hana fitar da su a wannan shekara. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince a hana yanka jakuna saboda fata a dukan nahiyar.

Game da kare kuwa, gidajen Kirista da yawa suna da shi, a tsakiyar maƙwabta Musulmi waɗanda galibinsu ba sa son ya kusanci tufafinsu ko wurin sallarsu, ko da yake su ma addininsu ya yi musu kashedi mai tsanani a kan azabtar da dabba. Mai karen da ya bar shi yana shiga gidajen mutane yana lasar tukwane, ya cuci karen, gama zai sha jifa ko guba, ya kuma ɓata shaidar Ikkilisiya a unguwa. Akwai abin da ya fi wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen dubu 59 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, wajen kashi 40 cikin 100 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan ba mai tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allura, kada ya tsaya neman gashin karen ko jiran a ga abin da zai faru. Allurar nan tana nan tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur ya ceci wani yaro da ita a Faransa, amma tana da tsada, ba kuma kowane gari ake samunta ba.

In mahaukacin kare ya ɓulla, al'ada ita ce samari su fito da sanduna su kashe duk karen da suka gani. Wannan yana kwantar da hankali na 'yan watanni, amma waɗansu karnuka sukan shigo su cike gurbin, karya kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allurar rigakafi, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada wannan a birnin Njamena na ƙasar Cadi a 2012 da 2013. Aka kafa wuraren allura unguwa unguwa, kyauta, mutane suka yi ta jawo karnukansu da igiya, har aka kai wannan adadi a shekarun biyu. Ciwon ya faɗi ƙwarai, aka yi watanni ba a sami mahaukacin kare a birnin ba. Daga baya ya sāke shigowa ta wurin karnukan da aka kawo daga garuruwan da ba a yi allurar ba.